Da Kwamanda ta koyi yin tambaya

Yayata tana da digiri biyu yanzu, mahaifinmu kuma yana da ƙafa ɗaya. In na faɗi haka a gaban dangi sai a ce bakina ba shi da linzami. To a ce. Ni nake zaune da tsohon, ni na wanke ciwon da hannuna, saboda haka ni zan ba da labarin yadda na gan shi.

A gidanmu ba a tambayar me za a yi, sai dai a tambayi me Kwamanda ta ce. Ƙannen Baba ne suka laƙaba mata sunan tun tana 'yar sakandare, lokacin da mahaifiyarmu ta rasu ta bar mu mu uku: ita babba, sai yayanmu namiji, sai ni auta. Ranar da masu gaisuwa suka watse ta ɗaure ɗankwali ta kama gida, kuma ba ta sake shi ba. Ita ke raba shara da wanke-wanke. Ita ta kai yayanmu garejin gyaran mota ta ce nan za ka tsaya. Ni gyaran gashi nake so, ta ja ni har shagon tela ta ce ɗinki za ki koya. Na yi kuka, na yi yajin cin abinci, ko a jikinta. Yau da keken ɗinkin nake ci, amma har gobe ina yi mata gori.

Baba tsohon direban bas ne. Mutum ne da in ya ce a'a, ko manajan kamfaninsu sai dai ya haƙura. Amma Kwamanda na buɗe baki za ka ji ya ce, "To, Uwata." Da aka gano yana da ciwon suga, ita ta shiga kicin ta kwashe sukarin gidan kaf ta zuba a jakarta. Da idonsa ya fara rauni, ita ta miƙa hannu ta ce ya ba ta mukullin mota, ya zaro daga aljihu ya ba ta kamar yaron da aka kama da alewa. Zai yi ta gunaguni bayan ta tafi, wai ya haifi soja, amma maganinsa bai taɓa tsallake lokaci ba.

A wani kamfanin yin kwalaye take aiki, ofishin kula da ma'aikata. Ta daɗe tana jiran a ba ta shugabancin sashen, sai aka ɗauko wani wanda ita ta koya wa aiki aka ɗora a kanta. Da ta je neman dalili, manaja ya gaya mata gaskiya tsirararta: aikinta ba shi da makusa, amma ma'aikata tsoronta suke ji, ba mai taka ofishinta sai wanda aka kira. Maganar ta soke ta sosai. Na san ta soke ta domin ta zo gida ta zauna a kicin ba ta gyara wa kowa komai ba, har tukunyar da na bari a buɗe ba ta gani ba.

Ba a jima ba ta zo mana da labarin ta shiga jami'a za ta yi mastas. Na tambaye ta a kan me. Ta yi mini dogon bayani, ga abin da na iya tsinta. Wani reshe ne na ilimin halayyar ɗan Adam, amma su ba abin da ya lalace a jikin mutum suke bi ba, abin da ke da kyau suke nema su ƙarfafa: godiya, fata nagari, baiwar da kowa ke da ita. Sannan za a koya mata zama koci, wato wanda za ka zauna da shi ka zube damuwarka, shi kuwa ba zai gaya maka abin yi ba, tambayoyi zai yi ta jero maka har ka gano mafita da kanka.

Na ce, "Yaya, wannan ai 'yan sanda ma suna yi, kuma ba su yi mastas ba."

Ta ce in rufe mata baki. A lokacin tana nan da halinta.

Ta kwamfuta ake karatun, ranakun hutun mako da yamma. Gidanta yara ba sa barin ta, sai ta riƙa kwaso littattafanta ta baje a teburin cin abincin Baba. Ɗakin ɗinkina yana jikin falon, ta kafa mini doka ba taka keke in ana darasi. Sai in zauna ina farke ɗinki ko sa maɓalli, ina jin komai ta ƙofa. Kusan tare muka yi mastas ɗin nan, ni dai ba a ba ni takarda ba.

Cikin sharuɗɗan karatun akwai gwaji da mutane na gaske. Za ka samu wanda ya yarda, ku zauna, ka ɗauki muryarku a waya, malamar da ke duba aikinka ta saurara. Yaya ta samu wata 'yar ofishinsu da ke tunanin barin aiki. Ranar da aka kunna muryar a gaban 'yan aji, wallahi sai da na toshe baki da ƙyalle. Baiwar Allah tana cewa "ina tunanin ko…" Yaya ta tare ta: kada ki kuskura, ga abin da za ki yi, gobe ki rubuta kaza, ki kai wa wane. Malamar ta tsayar da muryar ta ce, cikin sanyi, "Ki sake saurara da kyau. Muryar wa kika fi ji?" Aka ce ta sake gwajin daga farko. Matar da tun da take ba ta taɓa faɗuwa jarrabawa ba.

A wannan darasin ne malamar ta ja musu kunne a kan abu biyu. Ta ce kada su gwada abin nan a kan mutanen gidansu, kuma in magana ta kai ga rashin lafiya, ta fita daga hannun koci, magana ce ta likita. Ni da nake ɗaki da allura a baki na ji. Ita da ke gaban kwamfuta tana rubutu, ban san ina kunnenta ya tafi ba. Tana rufe kwamfutar ta ce, ba da kowa take ba, "Daga yau bakin nan ya daina ba mutum shawara."

Kwamanda kuwa ba ta iya yin abu rabi ba. Yadda ta kwashe sukari, haka ta kwashe umarni daga bakinta, gida da ofis.

Da farko abin dariya ne. Na tambaye ta ko in sayi keken lantarki ko in gyara tsohon kekena, ta karkata kai ta ce, "Ke me zuciyarki ke gaya miki?" Na ce zuciyata ba ta san keke ba. Yayanmu ya zo da zancen mai garejin da ke son ya tashe shi, ta ce masa, "Waɗanne hanyoyi kake gani a gabanka?" Ya fito yana tambayata ko lafiyarta ƙalau. Har murya ta canza, ta koma wata laushi-laushi kamar mai lallashin jariri. In ta yi tambaya sai ta yi shiru ta zuba maka ido, domin an koya musu kada su yi gaggawar cike shirun. Mutum ya rasa inda zai sa kansa.

Ta kuma kawo mana wani aikin gida nasu, wai kowa ya faɗi abubuwa uku masu kyau da suka same shi a ranar. Muna cin abincin rana za ta ajiye cokali ta ce a fara. Baba ya ce, "Na tashi, na ci, ba a ɗauke wuta ba." Ni na ce nawa ukun za su cika in an bar ni na ci abincina.

Ana cikin haka Baba ya yanke farce da reza, ya haɗa da naman babban yatsan ƙafarsa ta dama. Bai ji ba, domin ƙafafun sun daɗe da daina jin abu sosai. A jikin safa na ga tabon ranar wanki. Na wanke, na sa magani, na ɗaure, amma ciwon ya ƙi kamewa. Bakinsa ya fara yin duhu, sannan wani wari ya fara tashi wanda turare ba ya rufewa. Na kira yayanmu muka kai shi asibiti.

Likitan bai yi kwana-kwana ba. Ya ce yatsan ya mutu, a cire shi da wuri a tsira da sauran ƙafar, in aka yi jinkiri abin zai hau sama. Baba ya kalli yatsan ya ce zai yi tunani. Ni da yayanmu muka kalli juna, hankalinmu kwance, don mun san ma'anar tunanin Baba. Zai tambayi Uwata, ta ce a yi, a yi.

Da yamma ta zo. Baba yana kan doguwar kujera, ƙafar a kan ƙaramin tebur an naɗe ta da bandeji. Na riga na gaya mata komai a waya, kalma da kalma. Ko gaisawa ba su gama ba ya ce, "Uwata, sun ce za su yanke yatsan. Me kika gani?"

Na ga bakinta ya buɗe. Wallahi na ga tsohuwar maganar ta taho har bakin leɓe. Sai ta haɗiye ta. Ta jawo kujera ta zauna ɗan gefe da shi yadda aka koya musu, ta ɗora hannuwa a cinya.

"Baba, a cikin maganar nan, me ya fi ba ka tsoro?"

Ya dube ta. "Wuƙa mana. Akwai mai son wuƙa?"

"In aka ce ka auna daga ɗaya zuwa goma, yaya kake jin shirinka na yin aikin?"

"Wane irin ɗaya zuwa goma? Ni tambayarki na yi."

Ta yi shirun nan nata. Agogon bango yana ta bugawa, ni ina tsaye a ƙofar ɗaki da almakashi a hannu. Can ta ce, "Baba, jikinka ne. Kai ka fi kowa saninsa. Amsar tana wurinka, ni zan tsaya maka a kan duk abin da ka zaɓa."

Baba ya daɗe yana kallonta, irin kallon da ban taɓa ganin ya yi mata ba. Sannan ya mayar da kai jikin kujera ya ce, "To a bari tukuna."

Ta ce, "Na girmama shawararka, Baba."

A kicin na tare ta, na turo ƙofa. Na ce, "Yaya, kin haukace ne? Kalma ɗaya tsohon nan yake jira. Ki koma ki ce masa a yi!"

Ta ce, "Likita ya yi masa bayani, ba abin da bai sani ba."

"Ya sani mana! Ya san sukari na kashe shi ma, sai da kika kwashe ya daina sha."

Ta ajiye kofin da ke hannunta. "Auta, tun ina yarinya nake tuƙa mutanen gidan nan kamar awaki. Ke kanki kullum sai kin yi mini gorin ɗinki. A ofis an ce ni dodo ce. Baba ba yaro ba ne. In da kansa ya yanke shawara, zai riƙe ta hannu biyu, kuma zai yanke, na san shi. Lokaci kawai yake buƙata."

Na ce, "Gorin ɗinki daban, ƙafa daban. Malamarku ma ai ta ce kada ku gwada a gida, da kunnena na ji."

"Ba gwaji nake da Baba ba. Halina nake gyarawa."

"To ki gyara shi a kan ƙafarki!"

Ta ɗauki jakarta. A bakin ƙofa ta juyo ta ce mini, da muryar nan mai laushi, ta ga raina a ɓace yake kuma tana fahimta. Da ba yayata ba ce, da sai na jefe ta da ludayi.

Na gwada da kaina. Na durƙusa gaban Baba na roƙe shi, ya ce, "Auta, koma kan kekenki." Yayanmu ya gwada, Baba ya daka masa tsawa ya ce tun yaushe bakanike ya zama likita. Muka kira ƙanin Baba, ya zo ya yi nasiha ya sha shayi ya tafi. Duk gidan nan murya ɗaya ce ke shiga kunnen tsohon, mai muryar kuma ta kulle ta a jaka tana neman maki.

Kullum na kira ta sai ta ce, "Yaya kike ganin za mu taimaka masa ya kai ga matsaya?" In ta zo, ta zauna gefensa ta tambaye shi me ya canza tun zuwanta na baya, wane ƙaramin mataki yake jin zai iya ɗauka. Rannan a gabanta ya ce in aika a sayo sukari a sa masa a shayi. Na tsaya ina jiran aradu ta faɗo. Ta ce, "Baba, yaya kake ganin za ka ji bayan ka sha?" Ya ce, "Daɗi." Ya sha kuwa, yana kallonta ta saman kofin har ya shanye.

A makonnin nan ko sau ɗaya ba ta ga ciwon ba. Kullum a naɗe take tarar da shi, fari tas, don ni ke naɗewa kafin ta zo. Na ce ta tsaya ta gani in na kwance bandejin, ta ce tana da darasi. Ni ce nake ganin baƙin yana tafiya, daga yatsa zuwa na kusa da shi, daga nan zuwa bayan ƙafa. Ni ke buɗe tagogi, ni ke fita bayan gida in yi amai in dawo in ci gaba. Na tsane ta a kwanakin nan, kuma ba na jin kunyar faɗa. Na tsani littattafan da ke kan teburinmu masu hoton mutane suna murmushi.

Wata safiya na kai masa ruwan wanka na tarar jikinsa kamar garwashi, yana kiran sunayen tashoshin da ya bar bi tun ina goye. Ƙafar ta kumbura har ƙwauri. Yayanmu ya ɗauke shi a baya zuwa mota.

Likitan nan dai muka samu. Ya kwance bandejin, ya dube mu. Ya ce yanzu ba zancen yatsa ake ba, daga ƙasan gwiwa za a cire, kuma yau, in ana son ransa. An sa wa Baba ruwa, zazzaɓin ya ɗan sauka, ya dawo hayyacinsa. Aka yi masa bayani. Ya girgiza kai ya juya fuska bango.

Daga ofis ta taho, katin aiki na rataye a wuyanta. Tana shigowa ta fara jawo kujera. Na kama hannunta na ja ta zuwa ƙarshen gado, na ɗaga zanen da nas ta rufa.

Ta kalla. Ta dafe ƙarfen gadon. Sannan na ji muryar da na yi watanni ban ji ba, wadda ta tashe mu makaranta, wadda ke sa maƙwabta leƙowa.

"Baba! Juyo ka dube ni. Za a yi aikin nan yau, yanzun nan. Ba shawararka nake nema ba."

Ya juyo. Ya ce, "To, Uwata."

Shi ke nan fa. Ko gardama bai yi ba, ko tambaya. Nas ta tafi kiran likita. Ni kuwa na fita baranda na zauna a ƙasa na yi kuka irin na baƙin ciki, domin wannan "to" ɗin tana nan a bakinsa tun ranar farko, lokacin da yatsa ɗaya kawai za ta ci.

Washegari da rana aka bar mu muka shiga wurinsa. Ya farka, ya yi fayau, zanen gado ya kwanta shafal daga gwiwar dama zuwa ƙasa. Ina ba shi ruwa da cokali. Yaya tana tsaye, idanunta sun kumbura, ba littafi, ba murya mai laushi. Ta ce, "Baba, me ya sa? Ka ji abin da likita ya ce tun farko. Me ya sa ka ƙi?"

Ya haɗiye ruwan. Ba faɗa a muryarsa, da ma da faɗa ya yi da ya fi sauƙi.

"Uwata, tun da uwarku ta rasu ba ki taɓa bari na yi abin da na ga dama ba. Rana ɗaya na tambaye ki, kika ce jikina ne, in zaɓa. Na sha sukari a gabanki ba ki ƙwace kofin ba. Sai na ce shi ke nan, likita ya gaya mata abin da ya ɓoye mini. Ai wanda zai mutu ake lallaɓawa haka." Ya lumshe ido. "Na ce tunda tafiya zan yi, gara in tafi da yatsuna cikakku."

Yaya ta zame ta zauna a ƙasan ɗakin, ta kifa kai a gefen katifa, daidai inda ƙafar ya kamata ta kasance. Baba ya lalubo kanta da hannu yana cewa ta yi haƙuri, shi yake ba ta haƙuri.

Ni ban ɗaga ta ba. Na ɗebo wani cokalin na ce, "Baba, buɗe bakinka."